Katin Old Judge na Connie Mack: na asali ne ko jabu?

Jama'a, a taimaka min. Na sayi katin Old Judge (katin hoton 'yan wasa da ake sakawa a cikin kwalin sigarin Old Judge a da) na 1887 mai hoton Connie Mack, tun yana ɗan wasan besbol a Washinton, kafin ya shafe shekara 50 yana jagorantar ƙungiyar Philadelphia Athletics. Irin waɗannan katunan hoto ne na gaske da aka manna a kwali, don haka na duba da gilashin ƙara girma: babu ɗige-ɗigen injin ɗab'i, launin kuma ruwan ƙasa ne yadda ya kamata. Amma da na haska fitilar UV (fitila mai haske na musamman da ake gwada takarda da shi), sai bayan katin ya yi shuɗi fau, kamar yadda takardar da aka yi bayan 1950 take yi, ba ta 1887 ba. Mai sayarwar ya daina amsa saƙona, kuma saura kwana 5 wa'adin mayarwa ya cika.

Shin ragowar gam na albam zai iya jawo wannan hasken, ko jabu na saya?