Nama da ƙwai kawai, sai a ajiye magani?

Malam Sani: Assalamu alaikum jama'a. Wata huɗu ke nan na yi sallama da shinkafa, burodi da dankali. Nama, ƙwai, kifi, ganye, shi ke nan abincina. Na zubar da kilo 9, gwajin ciwon sukarina na safe ya sauko daga 190 zuwa wajen 110. Abin da na gane shi ne, insulin, sinadarin da jiki ke fitarwa don rage sukarin jini, shi ne uban duk wannan masifa. Sitaci ne kaɗai ke tayar da shi, nama da ƙwai ba ruwansu. Ka hana shi tashi, ciwo ya kwanta, magani ma ka ajiye shi. Ni kam nawa saura ƙiris.

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam. Masha Allah, Allah ya ƙara lafiya. Amma "ka ajiye" ɗin nan ta tsaya mini a maƙogwaro.

Maman Khalil: Malam, da girmanka, ka janye kiran insulin masifa. Ɗana shekararsa 11, ciwon sukari nau'i na ɗaya gare shi, jikinsa ya daina yin insulin. Sau huɗu nake masa allura kullum. Ranar da aka gano ciwon, kwana biyu yana amai, numfashi sama-sama, bakinsa na wani irin ƙamshi kamar na 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce. Likita ya ce jininsa ne ya yi tsami saboda rashin insulin, kuma a lokacin yaron ko loma ɗaya ba ya iya ci. Kafin 1922, da aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurar a Toronto, horon yunwa kawai ake yi wa irin su Khalil, su ɗan ja watanni su rasu. A nan akwai iyaye irina suna karantawa.

Malam Sani: Allah ya ba shi lafiya, Maman Khalil, ki yi haƙuri. Da masu nau'i na biyu nake. Mu namu insulin ɗin yawa ya yi, jiki ya daina jin maganarsa. Ko ƙarya na yi, Sista?

Sista Rabi: Nan gaskiyarka ce, musamman a farkon ciwo. Tsoka da hanta suna yin kunnen ƙashi, sai fankiriyas, gaɓar da ke yin insulin, ta yi ta ƙaro shi don ta tura sukarin ciki. Amma bayan shekaru ita ma gajiya take yi, shi ya sa za ka ga mai nau'i na biyu ya koma kan allura. Inda ka zame shi ne cewa nama ba ya tayar da insulin. A 1997 Susanna Holt da abokan aikinta a Jami'ar Sidni sun gwada abinci iri 38. Kowanne aka ba mutane daidai kalori 240, aka riƙa ɗibar jininsu har awa biyu ana auna insulin, aka sa farin burodi a matsayin maki 100. Dafaffen dankali ya haura burodin, wannan ba mamaki. Amma naman sa ya kai wajen 50, kifi ya kusa 60, alhali babu sitaci a cikinsu. Yogot ma ya wuce burodi. Ƙwai da gyaɗa ne suka zo can ƙasa.

Malam Sani: To in haka ne, me ya sa in na ci nama na gwada, sukarina ba ya motsi?

Sista Rabi: Na'urarka sukari take aunawa, ba ta ganin insulin. Furotin, sinadarin gina jiki da ke cikin nama, yana tayar da abu biyu tare: insulin, da wani sinadari, gulukagon, wanda ke sa hanta ta saki sukari. Ɗaya na ja ƙasa, ɗaya na ja sama, kai kuma ka ga lamba a tsaye. Sai dai in faɗa don adalci, mutanen da aka yi wa gwajin nan masu lafiya ne, ba masu ciwon sukari ba.

Malam Sani: Ai kin taimake ni. Lambar tana tsaye, ni abin da ya dame ni ke nan.

Sista Rabi: Madalla, mun zo wuri ɗaya. Ashe sukarin ne ke damunka, ba insulin ba. Shi ne in ya daɗe a sama yake cin ido, ƙoda da jijiyoyin ƙafa.

Alhaji Garba: Ku gafarce ni in tsoma baki. Ni na bar farin sukari shekara uku, zuma nake sa wa shayina, cokali biyu. Ai ita daga ƙudan zuma take, ba daga kamfani ba.

Sista Rabi: Baba Alhaji, wajen kashi 80 cikin ɗari na zuma sukari ne. Gobe ka gwada kafin shayin, ka sake gwadawa bayan awa biyu, ka kawo mana.

Alhaji Garba: 'Yar nan kina so ki raba ni da zumata. To, za mu gani.

Hajiya Binta: Bari in faɗi abin da ya sa maganar ta tsaya mini. Bara na yi irin ta Malam Sani, na yanke sitaci dare ɗaya, amma na ci gaba da shan maganin sukarina, gilibenkilamaid, kamar kullum. Rana ta uku ina guga sai hannuna ya fara rawa, gumi ya jiƙa mini wuya, na kira 'yata da sunan ƙanwata. Ta gwada ni, sukarina ya faɗi zuwa 52. Da cokali ta riƙa ɗura mini ruwan sukari ina zaune a ƙasa, dutsen guga na can yana cin rigar. Daga baya aka yi mini bayani cewa maganin nan matsa fankiriyas yake yi ta fitar da insulin, ka ci ko ba ka ci ba. Wanda ya karanta saƙonka ya canza abinci bai gaya wa likitansa ba, ga abin da ke jiransa.

Aminu: Amma Hajiya, a yi wa Malam adalci. A Birtaniya an yi babban gwaji, DiRECT, sakamakon ya fito a 2017. Da abinci kawai, kashi 46 cikin ɗari sukarinsu ya koma daidai bayan shekara ba tare da magani ba. Cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye, kashi 86. Ke nan ajiye magani ba mafarki ba ne.

Sista Rabi: Na ji daɗi da ka kawo shi, Aminu, don ni ma hujjata ce. Abin da aka ba su na sha ne, kalori 850 ko ƙasa kaɗan a rana har wata uku zuwa biyar, kuma fiye da rabinsa daga dangin sitaci da sukari yake. Ba guje wa sitaci ya yi aikin ba, ramewa ce. Bayanin Farfesa Roy Taylor na Niyukasil shi ne, kitsen da ya taru a hanta da fankiriyas ne ke narkewa, sai su farfaɗo. Sannan waɗanda aka ɗauka ciwonsu bai wuce shekara 6 ba, ba sa kan allura, kuma ma'aikatan lafiya ne suka cire musu maganin suna bibiyarsu. A shekara ta biyu adadin ya sauko zuwa kashi 36. Ni zargina, Malam Sani, kilo 9 ɗin nan sun yi maka aiki fiye da yadda kake ba su lada.

Malam Sani: Kuma me ya zubar da kilo 9 ɗin? Ba barin sitaci ba? Da ina cin burodi da safe, kafin awa uku yunwa ta dawo. Yanzu ƙwai biyu na kai ni azahar.

Sista Rabi: Wannan ban musa ba. Rage sitaci hanya ce da likitoci suka yarda da ita, kuma ta karɓe ka. Wani kuma da wake, ganye da ɗan shinkafa a gefe zai kai inda ka kai, musamman in ya fara da ganyen da naman ya bar shinkafar ƙarshe. Mai ciwon ƙoda ma ba a sake shi ya yi ta lodin nama. Wane magani kake sha?

Malam Sani: Metfomin kawai, safe da dare.

Sista Rabi: Shi kaɗai ba kasafai yake faɗar da sukari ba, shi ya sa abin Hajiya bai same ka ba. Je ka yi gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin wata uku. In ya sauka ƙasa da 6.5, kai da likitanka ku yi maganar ragewa.

Malam Sani: Zan yi ranar Litinin. Batun insulin masifa ne na janye, saboda Khalil. Amma shinkafa da ni har abada.

Alhaji Garba: Jama'a ina kwana. Kafin shayi 128, bayan awa biyu 203. Amma fa na haɗa da burodi yanka uku, don haka ban yarda laifin zuma ba ne. Gobe zan sake, ba burodin.