Ɗaliban Maradi, me ya fi cin ƙarfinku, me ke sanyaya muku rai?

Ƴar Bagalam:
Assalamu alaikum ƴan'uwa ɗalibai. Jarrabawar ƙarshen zango ta matso, duk wanda ka gamu da shi idonsa ja ne. A gida kuwa gani ake wanda ya samu bak ya shiga jami'a ya gama wahala, sai zaman amfi (babban ɗakin darasi) da rubutu. Ina son kowa ya faɗi yadda yininsa ke tafiya da gaske, abin da ya fi cin ƙarfinsa, da abin da ke sa ya tashi gobe ya koma. Ƙannenmu masu tasowa su ji tun yanzu.

Ɗan Dakoro:
Wa alaikumussalam. Ni lissafin kuɗi ya fi karatun gajiyar da ni. Abin da baba ke aiko mini ya rataya ne ga damina da farashin bisashe, shekarar da hatsi bai yi ba ko tambaya ba na iya yi. Kabu-kabu zuwa da dawowa, fotokofi, kuɗin intanet, sabulu, kafin ka ankara jaka ta narke. In burs ta yi jinkiri sai in koma tafiyar ƙasa, kuma wanda ya taka Maradi da ƙafa a watan Afrilu, zafi ya haura 40, ya san abin da nake nufi. Kana isa aji kanka na sarawa, malam ya riga ya cika allo. Amma ranar da waya ta yi ƙara na ga saƙon kuɗi, nakan kira inna kafin ma in je karɓa. Muryarta kaɗai tana ɗauke mini rabin gajiya.

Maman Biyu:
Ƙanena, Allah ya buɗa. Ni da aure nake karatu. Kafin kiran asuba na kunna wuta, in dama kunu, in shirya yara lakwal, sannan in nemi hijabina. Lokacin karatuna shi ne bayan isha, in sun yi barci, in kuma kuran bai yanke ba. In ya yanke, fitilar waya ce da sauro.

Abin da ba a faɗa wa mutane shi ne wannan tsarin karatun jami'a na LMD (lisans, masta, doktora) ba ya barin ka numfasa. Lisans shekara 3 ce, zango 6, kowane zango kiredi 30 ne sai ka tara su. Ba irin na da ba ne da za ka jira ƙarshen shekara ka yi ɗamara sau ɗaya. Yaro ya kwanta da masassara sati guda a lokacin damina, ka rasa gwaji, shi ke nan darasin ya bi ka bashi zuwa zagaye na biyu. Akwai daren da na zauna na yi kuka na ce na bari. Uwar mijina ce ta ce mini, ki kawo su wurina, ke je ki karanta. Har yau ranar jarrabawa ita ke goyon ƙaramin. Allah ya saka mata da aljanna.

Ɗan Tibiri:
Amin Yaya. Irin ku ne ke hana mu yin ƙorafi.

Mai Farar Riga:
Mu ƴan fannin lafiya da safe muna asibiti wajen sitaj, da yamma aji, wani lokacin ka kwana aikin dare ka wuce darasi ba ka runtsa ba. Nauyin da ya fi shi ne na zuciya. Ka ga uwa ta taso daga ƙauye da yaron da zazzaɓin cizon sauro ya ƙarar wa jini, ta iso a makare don babu kuɗin mota. Ka dawo ɗaki ka buɗe littafi, fuskarta kake gani. Daɗin kuma ba shi misaltuwa: yaron da aka kawo ba ya ɗaga kai, bayan kwanaki ka tarar da shi zaune yana jan mayafin uwarsa yana neman fura. Tsohuwa ta riƙe hannunka ta ce likita, Allah ya yi maka albarka, alhali kai ɗalibi ne. Wannan albarkar nake ci har ƙarshen sati.

Ɗan Tibiri:
Ni shawarata a daina kwana karatu. Na ga masu shan shayi mai ɗaci har asuba, su shiga jarrabawa kai ya toshe. Barci ma cikin shiri yake.

Ɗan Dakoro:
Gaskiya ce abokina, amma a ɗakin da mutum huɗu ko biyar ke kwana, da rana ina za ka samu shiru? Dare ne kawai namu, ga sanyi-sanyi. Ba son ranmu ba ne.

Ƴar Agye:
Ina karanta aikin gona a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Damina ba hutu ba ce gare mu, lokacin shiga gona ne, awon tsiro, ƙirgar zangarniya, rubuta komai cikin kaye rana na dukan ka. Mun koyi yadda ake yaƙar tsutsar zangarniyar hatsi da wani ɗan ƙwaro da ake kiwo a saki a gonaki, ba tare da feshi ba. Mun karanta sassaben zamani, wato barin kututturan itatuwa su sake tofowa a gona, da faransanci, da hotuna da zane, yadda ya faro a yankin Maradi cikin shekarun 1980 har duniya ta ɗauka. Da na je gida na soma yi wa baba bayani da Hausa, sai ya kama hannuna ya kai ni gindin wani gawo, ya ce wannan kututture ne lokacin da aka haife ki, ni na zaɓi reshen da zai tashi. Ya nuna mini yadda hatsin da ke ƙarƙashinsa ya fi na gefe tsawo, tunda gawo da damina yake zubar da ganye. Rannan na ji karatuna ya zauna mini. Abin da ke wahalar da ni shi ne juya tunani: ka fahimta da Hausa, ka rubuta da faransanci, ka ji tsoron kuskuren harshe ya ja ka ƙasa da 10 bisa 20 a abin da ka sani sarai.

Maman Biyu:
Wannan na harshe kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Mu a rukuninmu sai ɗaya ta maimaita darasin da Hausa tukuna, sannan mu koma takarda. Ya taimake ni ƙwarai.

Tsohon Ɗalibi:
Ƙannena, na bar aji da daɗewa, yanzu ni ke koyarwa a sakandare. Abu ɗaya nake roƙonku: in kun ga wani ya daina zuwa, ya daina ɗaga waya, ku je ɗakinsa. Da yawa yunwa ce da kunya suka zaunar da su, ba lalaci ba. A zamaninmu kwanon dambu da zogale ɗaya muke zagayewa, wanda bai da ko dala ba a tambayarsa.

Ƴar Bagalam:
Mun gode Malam. Akwai wata a ajinmu da na kwana biyu ban gani ba, gobe in sha Allahu zan leƙa ta bayan la'asar. Yaya Maman Biyu, rukunin naku wace rana kuke zama? In da wuri ina son shiga, kimiyyar sinadarai ce ta tsaya mini.

Maman Biyu:
Asabar da Lahadi da hantsi, ƙanwata. Ki zo da tsofaffin tambayoyin bara in kina da su, mu namu ba su cika ba.