Neman shawara: ƙahon muntjak ya murɗe, daga baya ya ɓace, tsufa ne ko cuta?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni malamin ilimin halittu ne a wata sakandare a cikin garin Bauchi. Ƙanena da ke karatu a Ingila yakan turo mini hotunan wata 'yar dabba mai suna muntjak da ke shigowa lambun gidan da yake haya. Girmanta bai wuce na gada ba, kuma namijin yana da gajeren ƙaho da fiƙa biyu masu leƙowa ta ƙarƙashin leɓen sama. A hoton watan Maris, ƙahon dama ya miƙe kamar tsawon ɗan yatsa, na hagu kuwa ya murɗe ya kwanta wajen kunne, sai kuma a hoton watan Yuni na ga babu ƙaho ko ɗaya. Da na nuna wa ɗalibai, wani ya ce tsufa ne ya karya shi, wata ta ce mu ƙirga zobban gindin ƙaho kamar yadda makiyaya ke yi wa saniya, ni kuwa na yi shiru domin ba ni da amsa. Ina roƙon masu sani su fitar da ni kunya.

Tsohon ma'aikacin gandun daji: Wa alaikumus salam, Malam. Na yi shekaru ina aiki a Yankari, kuma ban taɓa ganin gada ko mazo ko gwanki ya zubar da ƙahonsa duka biyu ya ci gaba da yawo lafiya ba. Wanda ya karye a wurin faɗa, da guntunsa zai mutu. A ganina dabbobi biyu ne ƙanenka ya ɗauka, na biyun mace ce.

Likitan dabbobi daga Gombe: Baba, abin da ka faɗa game da namun dajinmu gaskiya ne, sai dai muntjak ba danginsu ba ne, ko da yake wanda ya gan shi daga nesa zai rantse gada ce. Ƙahon gada da na saniya ƙashi ne a ciki, da kube irin na farce a waje, kuma yana nan har mutuwa. Na muntjak ƙashi ne zalla wanda yake faɗuwa kowace shekara, wani ya fito a madadinsa. A Ingila yawanci suna zubar da shi a Mayu zuwa Yuni, sabon ya tsiro lulluɓe da fata mai laushi kamar karan-miski, cike da jijiyoyin jini, kafin ta bushe ya goge ta a jikin itace wajen Agusta zuwa Satumba. Saboda haka hoton Yuni bai nuna cuta ba. Idan ana son tabbatar da jinsi, a duba goshi: namiji yana da dogayen ginshiƙai biyu na ƙashi da gashi ya rufe, waɗanda ƙahon ke zama a kansu, da baƙin zane mai kama da harafin V, mace kuwa ba ta da su.

Murɗewar ƙahon hagu ita ce abin dubawa, kuma ban yarda tsufa ne dalilin farko ba. Lokacin da ƙaho yake ɗanye, bugu kaɗan a jikin waya ko shinge ya isa ya karkatar da shi, ya sandare a haka har ya faɗi. Idan wannan ne, na bana zai fito daidai. Idan kuwa ginshiƙin da ke ƙasa ne ya ji rauni, to kowace shekara ƙahon wannan ɓangaren zai riƙa fitowa a karkace. Akwai kuma wani abin mamaki da aka sani a dangin muntjak, wato raunin ƙafar baya yakan lalata ƙahon ɗaya ɓangaren, ta yadda karayar ƙafar dama za ta bayyana a ƙahon hagu. Dabbar da ke tsallaka titi a cikin gari, ba wuya mota ta taɓa bugunta.

Malama a jami'a: Dakta ya gama da murɗewa, bari in taɓa maganar shekaru. Malam, ka yaba wa ɗalibarka domin ta yi tunani, amma ƙahon da bai wuce shekara guda a kai ba ba shi da zobban da za a ƙirga. Abin da ya fi taimakawa shi ne ginshiƙin: na matashi dogo ne siriri, yana ƙara gajarta da kauri yayin da shekaru ke tafiya. Ƙahon farko tsinke ne kawai, ba shi da kumburin gindi, na babba kuwa yakan kai kamar santimita 10, da ɗan ƙaramin reshe a gaba. Fiƙa ma tana ba da labari, domin da ita suke faɗa, kuma wanda ya daɗe a duniya sau da yawa za a ga tasa ta guntule. Duk wannan zai ba ka matashi ko magidanci ko tsoho ne kawai. Adadin shekaru sai an duba cinyewar turamen haƙori, kamar yadda mai sayen rago yake buɗe baki kafin ya taya, wanda hoto daga taga ba zai bayar ba.

Kada kuma ɗalibai su ɗauka dabbar Ingila ce. Asalinta kudu maso gabashin Sin ne da Taiwan, an kai ta gandun Woburn da ke yankin Bedfordshire a Ingila, daga nan ta bazu. Tana haihuwa a kowane lokaci na shekara bayan ciki na kimanin wata 7, shi ya sa watan haihuwa ma ba ya taimaka wa mai lissafi.

Tsohon ma'aikacin gandun daji: To, Dakta, na karɓi gyara. Amma ku gaya wa yaron ya lura da tafiyar dabbar, domin ɗingishi ba ya ɓuya ga mai kallo da safe.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, Baba, Dakta da Malama. Na sake buɗe hoton Yuni na ƙara girmansa, ga ginshiƙan nan biyu gajeru masu kauri, kuma fiƙar hagu ta guntule. Na aika wa ƙanena ya ɗauko mini bidiyon tafiyar dabbar, da sabon hoto a watan Oktoba idan ƙahon bana ya gama bushewa.