Wane suna ya dace da "konshos rap" a Hausa?

Mai fassara: Malamai, a taimaka. Gambara ta riga ta zauna wa hip-hop, kafafen labarai ma gambarar zamani suke cewa. Saura reshen nan da Amurkawa ke kira konshos rap, wanda ke magana kan talauci, wariyar launin fata, cin zalin 'yan sanda da gidan yari. Na ga wasu na rubuta "gambarar siyasa". Ta yi?

Malamin adabi: Ba ta yi ba, ƙanena. Bahaushe in ya ji waƙar siyasa, jam'iyya yake gani da ɗan takara: a wasa gwani, a yi wa abokin hamayya zambo. Wannan kuwa ba ta da uban gida. Dubi asalinta. Hip-hop ta tashi a unguwar Bronx ta birnin New York a 1973, kiɗan shagali ce ta matasa. A 1982 Grandmaster Flash da ƙungiyarsa suka fitar da "The Message", inda aka zayyana rayuwar unguwar talakawa, bashi da ƙwaya da makaranta marar amfani, har ƙarshen yaron da ya mutu a kurkuku. Ba a ce a zaɓi kowa ba. An nuna wa mai sauraro halin da yake ciki ne, aka bar shi da tunani. Sunan da za mu zaɓa dole ya ɗauki wannan.

Ɗalibar harshe: Malam, to "gambarar faɗakarwa" fa? Ko "wayar da kai"?

Malamin adabi: Sun kusa, amma sun yi sanyi. Faɗakarwa daga sama take zuwa ƙasa, hukuma ce ke faɗakar da jama'a kan rigakafi. Nan kuwa na ƙasa ne ke magana, sau da yawa da hukumar yake.

Mai haɗa sauti: Ku bari in shigo ta fuskar aiki, don akwai abin da ke ɓata irin wannan waƙa, kuma yana da alaƙa da sunan. Baiti ɗaya yawanci layi 16 ne, kowane layi bugu huɗu, amshi kuma layi 8 ko 4. Salon da aka fi ɗora ta a kai yana tafiya ne wajen bugu 85 zuwa 95 a minti, ba gudu, saboda kalma ta samu wurin zama. Kuskuren farko shi ne cusa gaɓoɓi fiye da abin da layi zai ɗauka: numfashi ya yanke, amsa-amo ya sauka bayan bugu, saƙo ya bi iska. Na biyu, a bar kiɗa ya danne murya wajen haɗawa. Na uku shi ne mafi muni, wato mawaƙi ya koma mai huɗuba, "ku daina, ku gyara" tun daga farko har ƙarshe. Gwanaye ba sa haka. Mutum ɗaya suke ɗaukowa, da titinsa da abin da ke aljihunsa, baiti na farko ya nuna halinsa, na biyu ya tono sanadi, na uku ya faɗi sakamako. Shi ya sa ban yarda da "gambarar wa'azi" ko "gargaɗi" ba, suna koya wa sabon shiga wannan kuskuren ne tun daga suna.

Ɗalibar harshe: Ni "gwagwarmaya" ta fi kwanta mini. A Senegal mawaƙan gambara na cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar fafutuka ta Y'en a Marre a 2011, suka yaƙi tazarcen shugaban ƙasa Abdoulaye Wade, ya sha kaye a 2012. A Burkina Faso ma mawaƙin gambara Smockey na cikin jagororin ƙungiyar fafutuka ta Balai Citoyen lokacin da shugaban ƙasa Blaise Compaoré ya sauka a 2014 bayan shekara 27.

Malamin adabi: Hujjarki mai ƙarfi ce, 'yata, kuma Public Enemy, mawaƙan gambarar Amurka na ƙarshen shekarun 1980, nan suka faɗa. Sai dai rabi kawai ta rufe. Wanda ke waƙa kan maraici, ko yadda matasa ke kashe junansu, ko tuhumar kansa da kansa, bai fita zanga-zanga ba, amma yana cikin reshen. Ainihin kalmar Turancin, wato "konshos", tana nufin kasancewa a farke, sanin ciwon kai. Don haka ina ba da "gambarar farkarwa".

Mai fassara: Me ya sa ba "farkawa" ba? Ko "fargarwa"?

Malamin adabi: Farkawa aikin mai barci ne, shi ke farkawa. Waƙa kuwa farkar da shi take yi, sai mu ɗauki farkarwa, kamar koyarwa da sanarwa. Farga tana jan hankali zuwa fargar Jaji, gane abu bayan lokaci ya wuce, alhali wannan waƙa so take a gane tun da sauran dama.

Mai haɗa sauti: Tana kuma hawa bugu ba tangarɗa, gaɓa uku da uku. Na karɓa. Mai yin ta a ce mawaƙin farkarwa.

Mai fassara: To na rubuta haka: gambarar farkarwa ga reshen gaba ɗaya, gambarar gwagwarmaya ga wadda ke kiran a fito a tunkari masu mulki. Na gode, Malam.