Shawarwarin da aka ba mai binciken mulki a Gadarif

Bayan la'asar muka zauna a Gadarif, wani gari a gabashin Sudan, wani ɗalibi ya tambayi yadda zai binciki mulki a ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita tun Afrilun 2023. Ga abin da na tsinta.

Wani dattijo, yana jan carbi, ya ce: "Ɗana, kada ka fara da ma'aikatu. In makiyayi ya shigar wa manomi gonar dawa, wurin wa ake kai ƙara? Bi sawun ƙarar nan." Sai aka daɗe kan sarautun gargajiya, shehi da umda da nazir. Shugaban Sudan na lokacin, Numeiri, ya rusa tsarin a farkon shekarun 1970, amma tsarin ya sake dawowa, domin shi ke riƙe da maganar ƙasa. Rikicin jihar Bulunayil na 2022, inda aka kashe 'yan'uwanmu Hausawa, yana da nasaba da wannan batu na sarauta da mallakar ƙasa. Ni dai a nan nake ganin jijiyar binciken take.

Wata malama ta ce kada ya auna shiga siyasa da ƙuri'a kawai. Ya duba kwamitocin unguwanni da suka taimaka wajen kifar da Shugaba Albashir a 2019, ya zauna a takiyya, wato wurin dafa abincin taimakon jama'a, inda mata ke raba abinci daga tukunya ɗaya, ya ga wa ke yanke shawara.

Kowa kuma ya ja kunnensa: ya ɓoye sunayen mutane, kada ya naɗi murya sai da izini, wayarsa na iya faɗawa hannun masu shinge a hanya.