A taimaka: yaya za a ce "nebula" da Hausa? Gobe da safe ake jiran aikin

Mai Fassara: Salamu alaikum jama'a. An ba ni wani rubutu in mayar da shi Hausa. Wani ɗan sha'awa ne ya ɗauki hoton wata nebula da masana taurari suka ba lamba M16 da ƙaramin madubin hangen nesa, sai waɗanda suka fi shi hannu suka yi masa sharhi kan yadda ya gyara hoton. Kalmomi biyu sun tsaya mini: nebula, da gilashin nan da ake sawa gaban kyamara, wanda suke kira narrowband filter. Allah ya saka da alheri.

Malamar Fiziks: Wa alaikumus salam. Gajimaren sarari. Kalmar daga Latin take, ma'anarta hazo ko gajimare, kuma abin ke nan: tarin gas da ƙura a tsakanin taurari, mafi yawansa haidirojin. Haka nake faɗa a aji, yara na ganewa.

Duba-Sama: Malama, da an ce gajimare hankalin mai karatu ya tafi kan hadari da ruwan sama. Hazon taurari ya fi.

Tsohon Edita: Ku daina wahalar da kanku, na daɗe da gama wannan. Mahaifar taurari. Ku dubi ita M16 ɗin. Ginshiƙan nan uku na gas da ƙura da madubin Hubble mai shawagi a sararin samaniya ya ɗauko a 1995, ba taurari ake haifa a cikinsu ba? Kalma ce da ke bayanin kanta, ba ta neman ƙarin haske.

Malamar Fiziks: Ranka ya daɗe, ta yi wa M16 daidai, ta yi wa M42 da ke rukunin taurarin Oriyon daidai. To M1 fa? Ita ragowar tauraron da ya fashe ce, wanda masanan Sin suka rubuta sun gani a 1054. M57 kuma gas ne da tauraro ya zubar a ƙarshen rayuwarsa. Waɗannan ba haihuwa ake yi a cikinsu ba.

Tsohon Edita: Sai a kira su makabartar taurari. Me ya yi zafi?

Malamar Fiziks: Ka ga mun koma kalma biyu, alhali ɗaya ake nema wadda za ta rufe duka.

Ɗalibin Larabci: Larabawa na cewa sadim. Mu ce sadimu, kamar yadda muka yi da littafi da alƙalami. Tun 964 Abdurrahman al-Sufi ya rubuta bayanin Andiromeda, ya ce ƙaramin gajimare ce, ƙarnuka kafin a ƙera madubin hangen nesa.

Malamar Fiziks: Malam, ai shaida ka kawo mini, tunda gajimare ya ce. Kuma Andiromeda ma ba nebula ba ce. An daɗe ana kiranta haka, sai a shekarun 1920 Edwin Hubble ya nuna cewa wata tarin taurari ce mai zaman kanta, nesa da tamu.

Tsohon Edita: Abin da ke ba ni haushi ke nan. Wannan ya ruga Larabci, gobe wani ya ce a bar nebula yadda take. Mutanen da suka raɗa wa taurari Gamzaki da Zara da Kaza Mai 'Ya'ya su ne za su rasa sunan wani hayaƙi a sama? Lalaci ne kawai.

Ɗalibin Larabci: Baba, kalmar edita da ke jikin sunanka daga ina ta zo?

Tsohon Edita: Ba ni na aro ta ba, tarar da ita na yi. Kuma a gyara harshe, ba sa'anka ba ne ni.

Ɗalibin Larabci: Allah ya huci zuciyarka. Amma aro daga Larabci ya fi daɗewa a bakinmu, shi ya sa yake zama lafiya.

Mai Fassara: Don Allah a dawo kan hanya, dare na yi. Gilashin fa?

Duba-Sama: Sai an san aikinsa tukuna. Gas ɗin nebula ba kowane launi yake fitarwa ba. Da nanomita ake auna launin haske: haidirojin na haske a nanomita 656.3, oksijin a 500.7, salfa kuma wajen 672. Gilashin yana toshe komai, ya bar ɗan tsagi mai faɗin nanomita 3 zuwa 7 daidai inda ake so. Shi ya sa mutum zai ɗauki hoto a tsakiyar fitilun birni, ko ana farin wata, kodayake na oksijin ya fi jin jiki in wata ya cika. Ni rariyar haske nake cewa.

Malamar Fiziks: Rariya har ta magudanar ruwa ce, za a yi mana dariya. Matacin haske. Sai dai akwai masu faɗi da ke barin ja duka ko shuɗi duka, don haka wannan ya zama matsattsen matacin haske.

Tsohon Edita: Wannan kam ba laifi. Amma salfa ɗin nan farar wuta ake cewa.

Mai Fassara: Na karɓa, duka biyun. Saura wani wuri da suka ce masa launukan hoton na ƙarya ne, kuma ya ja hoton ya wuce kima.

Duba-Sama: Kar ki rubuta ƙarya, za a ɗauka zamba ya yi. Haidirojin da salfa duk ja ne a ido, ba a iya raba su. Sai aka ba salfa ja, haidirojin kore, oksijin shuɗi, irin tsarin hoton Hubble. Launin aro ne. Da yake haidirojin ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, hoton kan fito kore shar, shi ne abin da ake fara yi wa sabon hannu magana a kai. Maganar ya ja hoton kuwa, in aka tara hotuna da yawa suka zama ɗaya, yakan fito kusan baƙi, sai an buɗe haskensa a manhaja irin Siril ko PixInsight. In aka matsa wa salfa da oksijin don su kamo haidirojin, taurari su kumbura su koma shunayya. In aka danne bayan hoton ya yi baƙi ƙirin don a ɓoye dusar kyamara, wato ɗige-ɗigen da ke ɓata hoto, siririn gas na gefe ya tafi da ita. Na tabbata ɗayan biyun nan suka gani. Ki ce ya buɗe hasken ya wuce kima.

Mai Fassara: Duka biyun ma suka ambata. To ga abin da zan yi: a farkon ambato in rubuta nebula, wato gajimaren sarari, daga nan in ci gaba da nebula. Mahaifar taurari zan sa ta a jimlar da ke bayanin ginshiƙan, don a nan ta dace.

Tsohon Edita: Wato kin mayar da kalmata ado. Ba komai, aikinki ne. Amma jam'in fa? Nebuloli za ki rubuta?

Mai Fassara: Guda ɗaya ce a rubutun, Baba. Sai da safe.