"Kowa ya ci ladan kuturu": a wuyan wa askin yake?

Ɗan Garwa: Assalamu alaikum. Jiya gardama ta kaure a majalisarmu, da wani ya ce gara hukumar gari ta soke kuɗin tikitin da ake karɓa kullum a kasuwa, ta dogara ga harajin gidaje da filaye. Sai wani dattijo ya ce, "Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski," ya saka takalminsa ya tafi. Da wa yake?

Mai Goro: Da hukuma yake, Malam. Ita ce ke karɓar lada kowace safiya, amma da damina ta sauka sai ka naɗe wando kafin ka isa rumfarka.

Malamin Makaranta, Marwa: Ni a ganina da mu yake, domin wanda ya ji daɗin soke tikiti ya ci lada, askinsa kuwa shi ne biyan na gida. Ai harajin gida yana nan a dokar Kamaru, ana lissafa shi bisa darajar gidan. A Birtaniya ma, harajin kai ya jawo tarzoma a Landan a 1990, kuma a 1993 aka maye gurbinsa da wanda ake lissafawa bisa darajar gida, ba a ce kowa ya huta ba.

Hajiya, Njamena: Kun tuna mini da kakata, Allah ya jiƙanta. Ta ce idan labari ya zo cewa masu ƙidayar haraji na tafe, sai a kora awaki cikin fadama, samari kuma su shige rumbu. Wata rana ƙaninta ya yi atishawa a cikin gero, dogari ya tambaya, ta ce kyanwa ce. Ya ce to kyanwar ta fito ta biya. Tana yawan ambaton Mangalme, wani gari a Chadi, inda manoma suka yi bore a 1965 saboda zaluncin masu karɓar haraji.

Mai Goro: Hajiya, ai nan ne matsalar take, domin gida ba ya shiga rumbu.

Direba, Kusiri: Na wasu yana shiga. Akwai mai girman da ya tara benaye, amma kowanne da sunan surukarsa aka rubuta shi.

Hajiya: Allah ya kyauta. Ƙanin kakar tawa dai akuya aka sayar aka fanshe shi, kuma har ya tsufa ana kiransa Kyanwa.

Ɗan Garwa: To, ɗan haya fa, wanda mai gida zai ɗora wa kuɗin, shi ladan me ya ci?